Kwana Takwas a Ƙofar Gidan Sanata

Ran 28 ga watan Disamba, 2018, 'yan sanda suka kewaye gidan Sanata Dino Melaye a unguwar Maitama, Abuja, suna nemansa a kan zargin harbin wani ɗan sanda a Jihar Kogi. Shi kuwa ya kulle ƙofa ya ƙi fitowa. Haka aka yi ta zaman jiran juna har ran 4 ga Janairu, 2019, sa'ad da ya miƙa kansa, ya yanke jiki ya faɗi, aka kwashe shi zuwa asibiti. Kwana takwas cur 'yan jarida na girke a bakin titin, kowace safiya da sabon hoto, kowane dare da sabuwar muhawara a akwatin talabijin.

To, a cikin wannan mako ɗin ne mayaƙan Boko Haram suka faɗa wa Baga, suka kori sojan haɗin gwiwa daga sansaninsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum fiye da dubu 30 suka kwararo Maiduguri cikin 'yan makwanni. A Zamfara kuwa kisa ya kai intaha, har jama'ar Tsafe suka fusata suka cinna wa sakatariyar ƙaramar hukumarsu wuta. Jami'o'i na rufe tun ran 4 ga Nuwamba saboda yajin aikin malamai. An buga waɗannan labarai, ba a ce ba a buga ba, amma zancen da ya cika rumfar mai shayi a Agege da Sabon Badun shi ne ko sanata yana cikin gidan ko ya sulale.

Wani zai ce ai batun sanata ba wasa ba ne, kuma da gaskiyarsa. Ɗan majalisa ya ƙi amsa kiran hukuma, hukuma kuma ta tare ƙofar ɗan adawa ana saura mako bakwai zaɓe, wannan abin tambaya ne ƙwarai. Amma tambayar shafi guda ya ishe ta. Sauran duk kallo ne, irin na 'yan kama.

Dalilin wannan rinjaye ba ɓoyayye ba ne. Labarin Maitama araha gare shi. Titi da kwalta, waya na kamawa, ofishin jarida na kusa, mai labarin ma da kansa yake aiko da shi ta Twitter. Baga kuwa tafiyar kusan kilomita 200 ce daga Maiduguri, a hanyar da ba a binta sai da rakiyar soja. Kuma wanda ya matsa bincike ya san abin da ke jiransa. Kwana biyu kacal bayan fitowar sanata, wato ran 6 ga Janairu, soja suka mamaye ofisoshin jaridar Daily Trust a Maiduguri da Abuja, suka kama editanta na shiyyar Arewa maso Gabas, suka kwashi kwamfutoci, saboda ta buga labarin shirin ƙwato Baga, wanda suka ce sirrin yaƙi ne. Editan da ya ga haka, gobe ina zai tura yaronsa, Maitama ko bakin Tafkin Chadi?

Sai dai laifin bai tsaya kan 'yan jarida ba. Mai talla ba ya ɗauko abin da ba a saye. Muddin mai karatu ya fi son rigimar manya, ita za a riƙa dafa masa.

Wanda ya fi kowa asara a nan shi ne ɗan Arewa mazaunin Kudu. Mutumin Maiduguri ba ya bukatar jarida ta gaya masa an watse daga Baga, ga 'yan gudun hijira nan a ƙofar gidansa. Amma mai sayar da bandar kifi a Onica, ko ɗan tireda a Idi-Araba da ya baro iyali a Tsafe, ba shi da ido sai na jarida da rediyo da 'yar wayarsa. Da labarin ne yake yanke shawarar ko ya aika da kuɗi, ko ya ɗauko iyalin, ko ya dakatar da motar kaya. In aka cika masa kunne da Maitama, sai dai ya ga kifi ya yanke a kasuwa, bai san dalili ba sai bayan ɓarna ta auku. Maƙwabcinsa Bayarabe ko Inyamuri kuma, da jarida ɗaya suke karantawa, ya tashi bai san irin wutar da ke ci a Arewa ba, balle ya matsa wa wakilinsa a majalisa.

Sanata Melaye ya ci zaɓen Fabrairu 2019, kotu ta soke, aka sake a Nuwamba ya sha kaye a hannun Smart Adeyemi, kuma kowane mataki an bi shi da kyamara. Mutanen Baga kuwa ba su fara komawa gida ba sai Satumba 2020, wata 21 bayan gudunsu. A makon komawar ma sai da aka yi wa ayarin Gwamna Babagana Zulum kwanton ɓauna a hanya, aka kashe jami'an tsaro da dama.