Diko: Yaran gareji hannun maigida suke kallo

A mahaɗar Diko, inda hanyar Minna ta haɗu da babban titin Abuja zuwa Kaduna, tankokin mai da tireloli suna jere a gefen hanya dare da rana. Kusa da su akwai makanikai da masu faci, ƙasar wurin kuwa ta rine da baƙin mai. Babu maigidan da ya taɓa tara yaransa ya ce su riƙa tuttular da shi cikin kwata. Sun ga yana yi ne, suka ɗauka haka sana'ar take.

Najeriya ta gwada gyara irin wannan hali da tsawa. A 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, daga bisani aka kawo sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Jama'a sun yi shara sosai, domin soja na tsaye da bulala. Da aka janye bulalar sai tsintsiya ta koma lungu, har Legas ta soke tsarin a 2016. A Ruwanda ma ana aikin gayya a Asabar ɗin ƙarshen wata, ana kuma cin tarar wanda ya ƙi fita, amma Shugaba Paul Kagame kan fito da kansa ya kama aiki, kuma hana leda da aka fara a 2008 yana nan da ƙarfinsa.

Mutanen Diko sun san abin da sakaci da mai ke jawowa. Ranar 18 ga Janairun 2025 tankar fetur mai lita 60,000 ta kife a mahaɗar, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 80 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Rahotanni sun ce ana ƙoƙarin juye man cikin wata tanka da janareta lokacin da wutar ta kama. Bayan haka hukumar kula da harkar mai, NMDPRA, ta hana loda wa tankoki masu lita 60,000 daga 1 ga Maris.

Dokar ta yi daidai, sai dai ba ta shiga tsakanin mai mota da direbansa. Maigidan da ke zaftare albashi a kan kowace litar da ta zube, kuma ba ya sauraron uzuri, ya riga ya koya wa yaronsa cewa ceto kaya ya fi komai. Irin wannan yaro ɓoye yoyo zai yi, ba zai kira 'yan kwana-kwana ba. Wanda kuwa ya san maigidansa zai fara da cewa “Kowa lafiya?” kafin ya tambayi kaya, shi ne zai fara korar mutane daga wurin.

Haka abin yake a gwamnati ma. Gwamna Umaru Bago ya yi alkawarin dasa bishiya biliyan ɗaya a Jihar Neja. Ma'aikatan ƙaramar hukumar Gurara, inda Diko take, za su shayar da dashen ne idan sun ga shugabansu yana zagayowa dubawa bayan 'yan jarida sun tafi.

Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da makanikai na Diko ba sai sun jira gwamnatin jiha a Minna ba. Kowane gareji ya ajiye duro na tara baƙin mai, tunda akwai masu sayensa, kuma maigida ya zama farkon mai zubawa a ciki, a gaban yaransa.