Kura da shan bugu: Wa ya mallaki manhajar da aka gina da gayya?

A ranar 10 ga Agustan 2023, kamfanin HashiCorp na Amurka ya sanar da sauya lasisin manhajarsa Terraform, wadda kamfanoni ke amfani da ita wajen tsara rumbunan kwamfuta a intanet. Kafin ranar, kowa na da damar ɗaukar manhajar, ya gyara, har ya yi kasuwanci da ita. Bayan sanarwar, an haramta amfani da sabbin fitowarta wajen yin gogayya da kamfanin.

Ba ma'aikatan HashiCorp kaɗai suka gina Terraform ba. Masu rubuta manhaja daga ƙasashe daban-daban sun yi shekaru suna gyara kurakurai da ƙara mata sabbin abubuwa kyauta, tamkar aikin gayya. To ta yaya kamfani ɗaya ya yanke hukunci a kan gumin jama'a ba tare da neman izininsu ba?

Amsar tana cikin wata takarda da ake kira CLA a taƙaice, wato yarjejeniyar da mai ba da gudummawa ke sa wa hannu kafin a karɓi aikinsa. A doka, wanda ya rubuta abu shi ke da haƙƙin mallakarsa. Amma irin wannan yarjejeniya kan bai wa kamfani izinin sake fitar da aikin a ƙarƙashin duk lasisin da ya ga dama. Wasu ma sukan buƙaci a miƙa musu haƙƙin gaba ɗaya. Mutane da yawa kan danna “na amince” ba su karanta ba.

Kamfanonin na da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. MongoDB a 2018 da Elastic a 2021 sun sauya lasisi suna kukan cewa manyan kamfanoni irin su Amazon na sayar da manhajojinsu ba tare da biyan ko sisi ba. Ma'aikata na jiran albashi, kuma kamfanin da bai samu riba ba rufewa zai yi.

Sai dai wannan hujja ba ta wanke su ba. Wanda ya ba da aikinsa kyauta ya yi ne bisa fahimtar cewa gonar ta kowa ce. Idan aka kewaye ta da shinge bayan amfani ya nuna, an ci amana, ko da doka ta halatta. A 2024 IBM ya sanar da sayen HashiCorp kan dala biliyan 6.4. ’Yan gayya ba su da kaso a ciki.

Akwai wata hanyar. Tun 2004, Linux ke amfani da tsarin da mai gudummawa zai tabbatar kawai cewa yana da ikon ba da abin da ya kawo, haƙƙinsa kuma na nan a hannunsa. Saboda dubban mutane ke da hannu a mallakar, babu kamfanin da zai wayi gari ya sauya lasisin shi kaɗai. Wannan bai hana manyan kamfanoni cin riba da Linux ba, wanda a kansa aka gina wayoyin Android.

Gaskiya ne jama'a ba su zauna ba. Da yake tsohon lasisi bai soku a kan abin da aka riga aka fitar, masu kishin Terraform sun ɗauki tsohuwar fitowar suka kafa OpenTofu a ƙarƙashin Gidauniyar Linux. Amma rabuwa irin wannan na cin lokaci, tana kuma raba ƙarfi gida biyu.

Matasan da ke fara zuba aikinsu a GitHub, a Kano suke ko a Yamai, ya kamata su binciki abu biyu kafin su miƙa layi ɗaya: a hannun wa haƙƙin zai kasance, kuma wa ke da ikon sauya lasisi? Kamfanin da ke neman gayya kuwa, ya rubuta a yarjejeniyar cewa aikin zai ci gaba da zama na kowa. Idan ya ƙi, ya biya ladan aiki.