A daina rufe mana baki da cewa Tomlin bai taɓa faɗuwa ba

Mun rubuta wannan ne ana saura kwanaki kaɗan a buɗe kakar NFL ta 2025, kuma kamar kowace shekara a lokacin, da zarar wani daga cikinmu magoya bayan Steelers ya ɗaga yatsa ya ce akwai gyara a wajen koci Mike Tomlin, sai a taso masa da amsa guda ɗaya: ai mutumin nan kaka 18 ya yi yana jan ragamar ƙungiyar, bai taɓa kammala kaka da rashin nasara ya rinjayi nasara ba. Daga nan sai a ce mu yi godiya, mu dubi magoya bayan Browns da na Jets mu ga yadda wahala take. Mun ji wannan magana har ta ishe mu. Gaskiya ce, babu mai musu. Amma mu a ganinmu wannan tarihin da ake tinƙaho da shi ya zama turken da aka ɗaure ƙungiyar a jiki, tana ta zagaye wuri ɗaya.

Mu fara da lissafi, tunda masu kare kocin ma da lissafi suke zuwa. Rabon Steelers da cin wasa a zagayen sili-ɗaya-ƙwale tun 15 ga Janairun 2017, ranar da muka doke Chiefs 18 da 16 a gidansu. Ko a ranar ma ba mu kai ƙwallo gidan maki ko sau ɗaya ba, ƙafar Chris Boswell ce ta kawo makin duka da bugu shida. Mako ɗaya bayan nan Patriots suka lallasa mu 36 da 17. A Janairun 2018, bayan mun ci wasa 13 a kaka, Jaguars da Blake Bortles suka zo har Pittsburgh suka zuba mana 45. A Janairun 2021 Browns suka yi mana 28 da nema tun kafin a gama kashin farko na wasa, alhali kocinsu Kevin Stefanski yana gida a kwance da korona, aka tashi 48 da 37. Sai Chiefs 42 da 21, sai Bills 31 da 17, sai kuma Ravens 28 da 14 a Janairun 2025. Wasa shida a jere, an zuba mana maki 230. Ku raba da shida ku gani, ya haura 38 a kowane wasa.

To wa aka zuba wa waɗannan maki? Kocin da aka ɗauko a 2007 saboda ƙwarewarsa a tsaron baya. Tomlin daga Vikings ya zo, inda yake kula da masu tsaro, kafin nan kuma ya horar da 'yan baya a Buccaneers. Idan aka ce masu kai harinmu ba su da kaifi, za a iya ɗora wa mataimaki laifi. Amma idan Ravens suka yi gudun yadi 299 da ƙwallo a hannu, Derrick Henry shi kaɗai ya kwashi 186, a kan rukunin tsaron da ke cikin mafiya tsada a gasar, wa za a nuna wa yatsa? Wanda duk ya hana idonsa barci ya kalli wasan nan da ƙarfe biyun dare agogon Najeriya da Nijar ya san kafin hutun rabin lokaci an gama da mu, 21 da nema. Kuma ba sabon abu ba ne. Jaguars sun fara da 21 da nema, Bills ma haka. Ƙungiya ta shiga wasa mafi muhimmanci a shekara kamar wadda aka tasa daga barci, sau huɗu a cikin shida. Wannan matsalar shiri ce, shiri kuwa aikin koci ne.

Ba mu ce Tomlin bai iya aiki ba, kada a juya mana magana. Masu zaginsa a ƙarƙashin kowane rubutu suna cewa bai san komai ba, su ma ɓata mana hujja suke yi. Mutumin da ya ɗauki Super Bowl yana da shekara 36, ya sake kai ƙungiyar wasan ƙarshe bayan shekara biyu, ya san abin da yake yi. A 2019 Ben Roethlisberger ya ji rauni a gwiwar hannu tun mako na biyu, Tomlin ya lallaɓa da Mason Rudolph da Devlin Hodges ya kammala da 8 da 8. Ba kowane koci zai iya haka ba. 'Yan wasa suna ƙaunarsa, suna ba shi jikinsu. Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tambayarmu ita ce, wannan baiwa tasa ta hana ƙungiya nutsewa, ina ta kai mu?

Ga inda ta kai mu. A NFL, ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, zakara kuma ya zo ƙarshe. Mu kullum muna tsakiya. Najee Harris na 24 a 2021, Kenny Pickett na 20 a 2022, Troy Fautanu na 20 a 2024, Derrick Harmon na 21 a 2025. Ba mu lalace har mu samu zaɓin farko ba, ba mu yi ƙarfin da za mu kara da manya ba. Magoya bayan Arsenal da ke cikin wannan zaure sun san irin wannan zama, lokacin da Arsene Wenger ya mayar da matsayi na huɗu kamar kofi. Bambancin shi ne a Ingila mai na huɗu yana samun kuɗin gasar zakarun Turai ya sayi 'yan wasa. A Amurka mai tsakiya ba abin da yake samu sai zaɓi na 20 da duka a Janairu.

Wasu za su ce to so muke a riƙa faɗuwa da gangan? A'a. Amma mu tuna yadda kofunan nan shida da muke alfahari da su suka samu. Chuck Noll ya fara 1969 da nasara ɗaya da rashin nasara 13, abin da ya ba ƙungiyar damar ɗaukar Terry Bradshaw a matsayin na farko a 1970. Kaka uku a jere Noll yana faɗuwa kafin ya kawo kofi huɗu. Bill Cowher ya yi 6 da 10 a 2003, a shekarar da ta biyo aka ɗauki Roethlisberger na 11, shi ne kuma ya kawo kofi biyu na ƙarshe, har da wanda Tomlin ya ɗaga. Wato duk kwatabak ɗin da ya taɓa ci wa Pittsburgh Super Bowl, muguwar kaka ce ta haife shi. Noll da Cowher duk sun faɗi, kuma babu wanda ke tuna su da haka yau.

Ko ma a bar maganar faɗuwa, akwai hanya ta biyu, ita ce ƙarfin hali, kuma a nan ne abin ya fi yi mana ciwo. Chiefs ɗin nan da muka doke 18 da 16, sun ci wasa 12 a waccan kaka, suna da Alex Smith, kwatabak mai hankali wanda ba ya zubar da ƙwallo. Da sun ga dama da sun ce alhamdulillahi sun ci gaba da shi. Wata uku bayan mun fitar da su, Andy Reid da shugabanninsu suka ba da zaɓuɓɓukansu suka haura daga na 27 zuwa na 10 suka ɗauki Patrick Mahomes. Tun daga nan sun ɗauki Super Bowl uku. Mu da muka ci wasan, ba mu sake cin wani irinsa ba. A 2018 mun ɗauki Terrell Edmunds na 28, Ravens suka ɗauki Lamar Jackson na 32, ga shi yanzu sau biyu muke haɗuwa da shi duk shekara. A 2020 mun ɗauki Chase Claypool na 49, Eagles suka ɗauki Jalen Hurts na 53. Ana kallon Roethlisberger yana tsufa a fili, hannunsa yana raguwa, amma aka ƙi tanadin magaji saboda kullum ana ganin saura ƙiris. Da ya yi ritaya sai aka shiga kame-kame: Mitch Trubisky, Pickett, Rudolph, Justin Fields, Russell Wilson. A 2025 an buɗe kaka da kwatabak na biyar daban a shekara biyar.

Kada kuma a ce ai ɗaukar 'yan wasa aikin ofis ne, na Kevin Colbert a da, na Omar Khan yanzu. Kocin da ya shekara 18 a kujera ba a ɗaukar kwatabak ba da yawunsa ba. Mataimakansa kuwa shi ke zaɓarsu. Shi ya riƙe Matt Canada kusan kaka uku yana tsara hari, filin wasa na ihu a kore shi, ƙungiya ta yi wasa 58 a jere ba ta tara yadi 400 ba. Aka sallame shi a Nuwamban 2023, wasan farko bayan tafiyarsa aka yi yadi 421 a kan Bengals. Haƙuri hali ne mai kyau, kuma gidan Rooney sun shahara da shi, koci uku kacal daga 1969 zuwa 2025. Amma haƙurin da aka yi da Canada shekarun T.J. Watt aka ƙona da shi. Watt ya shigo a 2017, ya kamo tarihin kayar da kwatabak a kaka ɗaya da 22.5 a 2021, har yau bai san daɗin cin wasa ɗaya na sili-ɗaya-ƙwale ba. A farkon kakar 2025 Cam Heyward yana da shekara 36.

Sai ga kakar 2025. Amsar da aka kawo mana ita ce Aaron Rodgers, mai shekara 41 a lokacin, da kwantiragin shekara ɗaya. Abin dariya, shi ne mutumin da ya hana Tomlin kofi na biyu a Fabrairun 2011, lokacin da Packers suka doke mu 31 da 25. Shekara 14 bayan nan muka je muka ɗauko shi, bayan jijiyar agararsa ta tsinke a 2023, bayan ya jagoranci Jets sun ci wasa 5 sun faɗi 12 a 2024. Ba mu raina shi ba. Sau huɗu yana zama gwarzon gasar, kuma ko a 2024 ya jefa ƙwallon maki 28. Ya fi duk wanda muka gani tun tafiyar Ben iya karanta tsaron abokan hamayya. An kawo masa DK Metcalf daga Seattle da Jonnu Smith, an kawo Jalen Ramsey da Darius Slay baya, an sabunta wa Watt kwantiragi da dala miliyan 123. An kuma rabu da George Pickens da Minkah Fitzpatrick. Ƙungiyar da aka sani da jan ƙafa a kasuwa ta yi ciniki kamar ba ita ba, mun yaba da hakan. Amma ku dubi shekarun waɗanda aka kawo. Wannan gini ne na kaka ɗaya. Rodgers da bakinsa ya nuna wataƙila ita ce kakarsa ta ƙarshe. A kakar 2025, a bayansa akwai Rudolph da Will Howard, yaron da aka ɗauka a zagaye na shida.

Hasashenmu kafin kakar 2025 bai da wuya. Za a ci wasa tara ko goma. Za a doke wata babbar ƙungiya a Oktoba ko Nuwamba, zauren nan ya cika da masu cewa ina masu sukar Tomlin. A 2024 ma haka aka yi, muna 10 da 3 a farkon Disamba, sai Eagles da Ravens da Chiefs da Bengals suka bi ta kanmu ɗaya bayan ɗaya. A 2020 mun fara da 11 da nema, kun san yadda ta ƙare. Tsofaffin ƙafafu a sanyin Disamba su ne abin tsoro, kuma layin da zai kare Rodgers yara ne, Broderick Jones da Fautanu a gefe biyu, ɗaya bai tabbata ba tukuna, ɗaya rauni ya cinye masa kakar farko. In layin nan ya tsaya, Arthur Smith kuma ya yarda ya bar Rodgers ya canza tsari a fili yadda ya saba, za a iya ba mu kunya, kuma muna maraba da wannan kunya.

Abin da muke nema daga 'yan uwanmu masu kare koci abu ɗaya ne, mu yi yarjejeniya tun yanzu kafin a buga ƙwallon farko. Tomlin yana da wata magana da ya saba maimaitawa, cewa ma'auni shi ne ma'auni. To mu auna shi da nasa mudun. Ma'aunin Pittsburgh kofi ne, mun ma rage masa, mun ce nasara ɗaya a Janairu. In ya kawo ta da wannan tawaga, bakinmu alaikum. In aka sake yin 10 da 7 aka sha 21 da nema kafin hutu, kada kowa ya zo nan ya ce mana kaka 19.

Masu tsoron cewa in ya tafi wata ƙungiya za ta ɗauke shi washegari, gaskiyarku, za a ɗauke shi. Haka aka ɗauke Andy Reid da Eagles suka sallame shi bayan kaka 14. Ya je Kansas City ya ci kofi uku. Eagles kuma suka ci nasu na farko a 2018 da Doug Pederson, suka ƙara na biyu a Fabrairun 2025 da Nick Sirianni, kuma Reid ɗin suka doke 40 da 22. Babu wanda ya yi asara a wannan rabuwa. Kafin kakar 2025, kwantiragin Tomlin na nan har ƙarshen kakar 2027, Art Rooney II kuma bai nuna alamar gajiya ba a lokacin, don haka mun san ihunmu daga nan ba zai motsa kujerar kowa ba. Amma a Afrilun 2026 a Pittsburgh aka tsara yin taron zaɓen sabbin 'yan wasa, a gaban jama'armu, kuma wanda ke kan kujera a lokacin shi zai zaɓi kwatabak ɗin da za mu zauna da shi shekara goma.

Ranar Lahadi 7 ga Satumban 2025 da ƙarfe shida na yamma aka tsara mu ziyarci Jets, Rodgers a wajenmu, Fields a wajensu. Ranar 28 ga wata kuma Vikings a Dublin, da biyu da rabi na rana, ba hana ido barci. Masu cewa mun yi tsauri, ku kawo mana sunan koci ɗaya da ya yi kaka takwas bai ci wasan Janairu ba a ƙungiya mai kofi shida, jama'a kuma suka ce a tafa masa.