LAFIYA UWAR JIKI: Jinin da ba a auna ba



A watan ga za mu yi magana bisa jini. Jini magani ne mai ceton rai, amma sai an auna shi. In ba a auna ba, shi ke kawo wata cutar da ta fi ta farko.

Akwai wani ciwo da likitoci ke ce ma emofili. Mai shi, in ya ji rauni, jininsa ba ya daskarewa da wuri. Ba maita ba ce, kuma ba a ɗaukar ciwon ga wani. Gado ne, ana haifuwar yaro da shi. Yawanci ɗiya maza ke yin shi, kuma ta wajen uwa yake biyowa, ko da ita lafiyarta lau. Ba laifinta ba ne. Ga alamunsa: gwiwa ko gwiwar hannu ta kumbura ba da wani babban dalili ba, ko jini ya yi kwana da kwanaki yana tsiyaya bayan kaciya ko fitar haƙori.

Maganinsa shi ne a yi ma yaro allurar abin da jininsa ya rasa. A shekarun 1970 da 1980, daga jinin mutane ake fitar da wannan magani. Sai a gama jinin mutum dubbai wuri ɗaya. Makiyayi ya san zancen: in an tatsi shanu da yawa cikin ƙwarya ɗaya, nonon saniya guda marar lafiya ya isa ya ɓata sauran. Wani jinin ma saye anka yi a Amurka ga matalauta da ƴan kaso, mutanen da in sun faɗi ciwonsu za su rasa kuɗin.

Ta haka ciwon sida da ciwon hanta sunka shiga cikin maganin. A Faransa, masu emofili fiye da dubu ɗaya sunka kamu da sida. A 1985 an riga an san gasa maganin da zafi yana kashe ƙwayar cutar. Duk da haka ma'aikatar jini ta ƙasar ta ci gaba da raba tsohon da ba a gasa ba, don kada a yi asarar kuɗi. Wata ƴar jarida, Anne-Marie Casteret, ta tona asirin a 1991. A 1992 kotu ta yanke ma shugaban ma'aikatar, likita Michel Garretta, shekara 4 a kaso.

A Ingila ma haka ta faru. Binciken da anka fitar ranar 20 ga Mayu 2024 ya nuna mutum fiye da dubu 30 sunka kamu da sida ko ciwon hanta ta jini da maganin jini. Kamar dubu 3 sun rasu. Cikin masu ciwon zubar jini, wajen 1250 sunka kamu da sida, 380 daga cikinsu yara ne. Iyayensu sun kai su neman lafiya ne.

Yau abin ya sake. Ana gasa maganin, wani ma ba daga jinin mutum ake yin shi ba. Akwai awon sida tun 1985, kuma an gano ƙwayar ciwon hanta iri C a 1989. A ƙasarmu akwai cibiyar jini ta ƙasa a Yamai. Ƙa'ida ita ce a auna kowane jini don cuta huɗu kafin a sa ma mutum: sida, ciwon hanta iri B, iri C, da tunjere.

To mi ya shafe mu a Dutsi da Tibiri? Ya shafe mu ƙwarai. Kowace damina zazzaɓin sauro na shanye jinin yara. Mata na zubar da jini wajen haifuwa. Daga Matankari har Gesheme, gida nawa ne ba a taɓa ce ma su kawo mai ba da jini ba? Kada labarin Turai ya sa wani ya gudu da yaronsa daga asibiti. Yaron da jininsa ya ƙare ba ya jira. Ga abin da ya kamata mu riƙe:

1. Kafin a sa ma naka jini, ka tambayi likita cikin ladabi: an auna shi? Tambaya ba rashin kunya ba ce.

2. Kada mu sayi jini ga mai neman kuɗi. Mu ba da namu don Allah. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma jiki na mayar da shi.

3. In za ka ba da jini, faɗi ma likita gaskiya bisa lafiyarka. Cutar da ta shiga jiki kwanan nan tana iya ɓoye ma awo.

4. Kafin kaciya, ko ƙaho, ko cire beli, a bincika dangin uwa. In wani kawun yaro ko wansa ya taɓa zubar da jinin da ya ƙi tsayawa, kada a kira wanzami. A fara kai yaron asibiti a faɗi haka. Kuma kada a ba shi asfirin, don yana ƙara zubar jini.

5. Wanzamai, aska ɗaya ba ta kan yara biyu. Jinin da ya saura bisa aska ma jini ne da ba a auna ba.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabtansa a dandali, ya karanta ma mata a cikin gida, don su ne sunka san tarihin danginsu. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.