Sola a unguwance: me ya sa kowa ke shan wahala shi kaɗai?

1/ Jama'a, ra'ayina a taƙaice: yadda muke sayen sola gida-gida, kowa da nasa mai haɗi, asarar kuɗi ce. Abin da ya fi shi ne unguwa ta haɗu, a fara rage cin wuta, sannan a sayi kaya tare. Ku biyo ni.

2/ Kowa ya san abin da ya koro mu. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, janareta ya zama sai mai hali. A Afrilun 2024 kuma aka kai yunit ɗaya na 'yan Band A naira 225. Sai aka ruga sola, wanda ya sani da wanda bai sani ba.

3/ Kuskuren farko shi ne sayen batir kafin a lissafa abin da gidan ke ci. Ga misali: ƙwan fitila irin na da yana cin wat 60, na LED mai haske kusan ɗaya yana cin wat 9. Ƙwai goma, awa shida kullum: na da wat-awa 3,600, LED 540.

4/ Bambancin ya haura yunit 90 a wata. A farashin 225 na wancan lokacin, sama da naira dubu 20 kenan, a fitila kaɗai fa. In kuma sola za ka saka, duk wat ɗin da ka rage batir ne da faranti da ba sai ka saya ba.

5/ Haka fanka. Ta sili ta gargajiya tana cin wajen wat 70, ta DC ba ta kai rabin haka ba a mafi yawan lokaci. Guga kuwa a yi ta da rana tsaka, lokacin da faranti ke kawo wuta, ba da dare a kan batir ba.

6/ To me ya kawo maganar unguwa? A 2009 wasu maƙwabta a birnin Fotland na Amurka suka fara wani shiri mai suna Solarize. Sun haɗa sunayen masu so, suka sa kamfanoni gasa, suka zaɓi ɗaya ya yi wa kowa a farashin sari. Daga nan wasu garuruwan suka kwaikwaya.

7/ Don Allah wannan ba adashi da aikin gayya ba ne? Iyayenmu mata sun daɗe suna yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki da adashi. Gida ashirin su zuba, duk wata a haɗa wa gida ɗaya ko biyu. Me zai hana?

8/ Ribar ba ragi kaɗai ba ce. Mutum ɗaya in aka ɗora masa tsohon batir da aka yi wa fenti, sai dai ya ce Allah ya isa. Amma ɗan kasuwar da ya san gidaje ashirin ne a layi, ba zai cuci na farko ba, don zai rasa sha tara.

9/ Sannan ilimin yana yaɗuwa. Batir mai ruwa ba a zuƙe shi ƙasa da rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti, sai an riƙa gogewa. Matasa biyu a unguwa su koyi wannan, ga sana'a ta samu.

10/ Na san wani zai ce: wa zai riƙe kuɗin? Tambaya ce mai kyau, mun ga adashin da ya watse. Ni dai shawarata: yarjejeniya a rubuce, mai unguwa da liman su shaida, mutum uku su sa hannu kafin a fitar da ko sisi, kuma ba a cika wa mai haɗi kuɗinsa sai wuta ta kama.

11/ Gwamnati fa? A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda hukumar REA ke gudanarwa. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu. Kenan muna da hurumin tambaya.

12/ Abin da nake so jihohi su yi ba rabon fitilun sola da hoton ɗan siyasa ba ne. Su fitar da jerin masu haɗin da aka tantance, su kuma tsaya wa ƙungiyoyin unguwa su samu bashi mai sauƙi.

13/ Amma kada mu zauna jira. Yau ɗin nan ka ƙirga ƙwayayen fitila da fankokin gidanku, ka rubuta wat ɗin kowanne. Ka tura lissafin a guruf ɗin WhatsApp na unguwarku, ka ga mutum nawa za su ce suna ciki. Wanda unguwarsu ta taɓa gwadawa, ya faɗa mana yadda aka ƙare a ƙasa.