Aiki ya iske ka gida

Mai karatu, yau akwai masu yin aiki cikin ɗakinsu ta intanet, albashi ya iske su nan. Tun 2022 ƙasar Fotugal tana ba irinsu biza, su zauna unguwannin Lisbon, babban birninta. Amma haya can tsada gare ta ƙwarai.

Ni dai ga ganina: in ɗanka ya samu irin wannan aiki, ya zauna Dogon Dutsi ko Tibiri. Kuɗin da zai ba mai gida a Turai, nan hatsi ne cikin rumbu. Wuta tana katsewa? Gaskiya ne, sai ya sa sola.

Neman aiki ke kai mu cin rani. Wanda aiki ya iske gida, mi zai je nema?