Linzamin gem mai DPI 30,000: Shin ya ci kuɗinsa?

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan kwamfuta a 'yan shekarun nan, a Titin Beirut na Kano ne ko a Banex ta Abuja ko a kasuwannin intanet, zai lura cewa linzamin kwamfuta, wanda aka fi sani da maus, ya rabu gida biyu. Akwai na aikin ofis mai sauƙin kuɗi, akwai kuma na 'yan gem, wanda ake rubuta wata lamba da manyan baƙaƙe a jikin kwalinsa: DPI 12,000, ko 26,000, ko 35,000. Galibi yadda lambar ke hawa, haka farashin ke hawa.

Matashin da ya daɗe yana tara kuɗi yakan ɗauka cewa idan lambar ta fi girma, wasansa zai fi kyau. Maganar gaskiya ita ce wannan lamba ba ta cancanci ƙarin kuɗi ba. Linzami mai tsada yana iya cin kuɗinsa, amma saboda wasu dalilai dabam, kuma ba ga kowa ba.

Mene ne DPI?

A ƙarƙashin linzamin zamani akwai wani ɗan ido, wato ƙaramar kyamara da ke ɗaukar hoton shimfiɗar da linzamin ke tafiya a kai sau dubbai a cikin sakan ɗaya. Ta hanyar kwatanta hotunan ne yake gane inda hannu ya nufa. DPI kuwa ita ce adadin ɗigon da linzamin ke ƙirgawa idan an tura shi tsawon inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi.

Ke nan DPI ma'aunin saurin kibiyar allo ce, kuma ba ta ce komai a kan iya saiti. Lissafin a fili yake. Allon da akasarin 'yan gem ke amfani da shi yana da ɗigo 1,920 a faɗinsa. A kan DPI 800, idan ba a taɓa tsarin saurin kibiya na kwamfuta ba, sai hannu ya yi tafiyar kusan santimita 6 kafin kibiyar ta ratsa allon daga wannan gefe zuwa wancan. A kan DPI 30,000 kuwa, motsin da bai kai milimita 2 ba ya isa ya jefa ta daga bango zuwa bango. Babu hannun ɗan Adam da zai iya saita komai a haka, domin ɗan rawar yatsa kaɗai zai kawar da kibiyar daga inda ake so.

Tseren lamba tsakanin kamfanoni

A 1999 kamfanin Razer ya fitar da Boomslang, wanda ya kai DPI 2,000, kuma a lokacin abin a zo a gani ne. Linzamin MX518 na Logitech, da ya fito a 2005 ya kuma yi farin jini, ya tsaya ne a 1,600. A 2014 Logitech ya fitar da G502 mai 12,000, sannan a 2020 ya kai idon linzamansa 25,600. Razer ya mayar da martani da Viper V2 Pro mai 30,000 a 2022, sai Viper V3 Pro mai 35,000 a 2024.

A tsawon waɗannan shekaru lambar ta ninka fiye da sau 17. Allon kwamfuta bai ninka haka ba: hatta allon 4K ɗigo 3,840 ne a faɗinsa, kuma DPI 1,600 na ratsa shi da motsin santimita 6. Hannun mai wasa kuwa yana nan yadda Allah ya halicce shi. Abin da ya sa ake ci gaba da tseren shi ne lamba tana da sauƙin tallatawa. Da wuya a bayyana wa mai saye daɗin riƙo a jikin kwali, amma kowa ya san 35,000 ta fi 8,000.

Abin da ƙwararru ke yi

Hujja mafi ƙarfi tana hannun waɗanda da linzami suke cin abinci. A gasannin wasannin harbi irin su Counter-Strike da Valorant, akasarin ƙwararrun 'yan wasa suna saita linzaminsu ne a kan DPI 400 ko 800, wasu kuma 1,600. Oleksandr Kostyliev ɗan ƙasar Yukiren, wanda aka fi sani da s1mple, ya shahara da wasa a kan 400, kuma shi da ƙungiyarsa ta Natus Vincere ne suka lashe babbar gasar Counter-Strike a birnin Stockholm a 2021.

Waɗannan mutane ba rashin kuɗi ne ya hana su ba. Kamfanoni ne ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyinsu, kuma kuɗin da ake fafatawa a kai ba ƙanana ba ne: gasar duniya ta wasannin gem da aka yi a Riyad a 2024 ta raba kyautar da ta haura dala miliyan 60. Da a ce DPI 30,000 na ƙara ko da ɗan fifiko, da tuni sun koma can. Suna riƙe da linzami mai tsada, amma abin da suke amfani da shi daga lambar kan kwali bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa. Kowane wasa yana da nasa ma'aunin sauri a ciki. Wanda ya sa DPI 400 ya saita wasan a kan 2, da wanda ya sa 800 ya saita a kan 1, saurinsu ɗaya ne. Ke nan mai son ƙarin sauri zai iya samunsa kyauta.

Inda masu goyon baya ke da gaskiya

Adalci ne a faɗi cewa ba duk maganar masu son babbar DPI ce shirme ba. Tashi daga 400 zuwa 1,600, tare da rage ma'aunin cikin wasa, yana sa motsi ya fi santsi, kuma linzamin yakan ɗan fi saurin gane cewa hannu ya fara tafiya. Mai aiki da manyan alluna biyu ko uku shi ma zai ji daɗin 2,000 zuwa 3,200. Sai dai amfanin yana raguwa sosai daga nan, kuma wasu idanun ma sukan fara karkarwa idan an kai su ƙurewa.

Abin lura shi ne wannan iyaka ba ta buƙatar linzami mai tsada. Logitech G203 yana kaiwa 8,000, Razer DeathAdder Essential kuma 6,400, dukkansu a kan ɗan kaso na farashin manyan. Kamfanin PixArt na Taiwan, wanda ke ƙera idon linzamai da yawa a duniya, yana sayar da nagartattun idanu ga ƙananan kamfanoni, shi ya sa a yau ake samun ido mai kyau a linzami mai matsakaicin farashi.

To me mai sayen na dala 150 yake biya? Na farko rashin nauyi. G Pro X Superlight na Logitech bai wuce giram 63 ba, Viper V3 Pro kuma giram 54 ne, alhali G502 mai waya ya haura giram 100. Ga wanda ke wasan awa biyar ko shida a rana, wannan bambanci ne da wuyan hannu ke ji. Na biyu, sadarwa marar waya da ba ta jinkiri. Na uku, madannai masu aiki da haske, waɗanda ke magance matsalar nan ta danna sau ɗaya kwamfuta ta ƙirga biyu idan linzami ya tsufa. Na huɗu, idon da ba ya ɓacewa idan an fizgi hannu da ƙarfi. Waɗannan fa'idoji ne na gaske, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da lambar DPI ke aunawa.

Sabuwar lambar talla

Da tseren DPI ya fara gundurar masu saye, sai aka ɓullo da wata lambar: sau nawa linzami ke aika wa kwamfuta saƙo a sakan. Na ofis yakan aika sau 125, wato duk bayan milisakan 8 (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan). Na gem na yau da kullum yana aikawa sau 1,000, duk bayan milisakan 1. A 2021 Razer ya fitar da mai aikawa sau 8,000.

Tashi daga 125 zuwa 1,000 ci gaba ne da ake iya ji a hannu. Daga 1,000 zuwa 8,000 kuwa, ribar ba ta kai milisakan ɗaya ba, ga ƙarin nauyi a kan kwamfuta da saurin cinye batir a marar waya. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a sakan, irin na akasarin kwamfutocin tafi-da-gidanka, yana ɗaukar kusan milisakan 17 tsakanin hoto da hoto. Mai irin wannan allo ba zai taɓa ganin abin da ya biya ba.

Lissafin mai saye a nan gida

A Amurka da Turai wannan muhawara ta sha'awa ce. A Najeriya magana ce ta aljihu. Tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, duk kayan da ake shigowa da su sun yi tashin gwauron zabo. Idan dala tana naira 1,400, linzamin dala 150 ya kama naira 210,000 tun kafin a sa kuɗin jigila da ribar ɗan kasuwa. Wannan ninki uku ne na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024.

Kuma linzami ba shi ne babbar matsalar ɗan gem a Kano ko Kaduna ba. Manyan kwamfutocin da ke ɗauke da yawancin wasannin intanet suna Turai ko Afirka ta Kudu, don haka saƙo kan ɗauki milisakan 100 ko fiye kafin ya je ya dawo. Wanda ke fama da wannan jinkiri, ga ɗaukewar wutar lantarki, idan ya kashe dukiyarsa don rage milisakan ɗaya, ya bar jaki yana dukan taiki. Mai wasa a waya ko a PlayStation kuwa, kamar yadda mafi yawan matasa ke yi, akasarin wasanninsa ba sa buƙatar linzami ko kaɗan.

Akwai kuma haɗarin jabu da na linzamai marasa suna. Wasunsu suna rubuta babbar DPI alhali idonsu bai kai ba: lissafi kawai suke yi su ninka abin da idon ya gani, sai kibiya ta riƙa tsalle. Wanda ya saba duba lamba kaɗai shi ya fi saurin faɗawa wannan tarko.

Daidai ruwa, daidai tsaki

Shawara ga mai saye ita ce ya nemi linzamin sanannen kamfani mai matsakaicin farashi, wanda ke aika saƙo sau 1,000 a sakan, ya riƙe shi a hannu ya ji ko ya dace da tafinsa, ya saita shi tsakanin 800 da 1,600, sannan ya daina canzawa har hannunsa ya saba. Ragowar kuɗin ya fi amfani a kan shimfiɗar linzami mai faɗi, da allo mai sabunta hoto sau 144 a sakan, da intanet mai ƙarfi, da abin riƙe wuta.

Wanda ya riga ya mallaki waɗannan, yake kuma shiga gasa da gaske, yana da hujjar sayen mai tsada saboda rashin nauyi da ƙarko. Su kuma 'yan kasuwa, haƙƙi ne a kansu su gaya wa matashin da ya zo da kuɗin guminsa gaskiyar abin da lambar ke nufi, iyayen da ke saya wa 'ya'yansu kuma su tambayi nauyin linzamin da garantinsa kafin su dubi kwali. Hausawa dai sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.